Shirun ƙararrawa a hanyar Agwada

Shekarun baya, wata ranar Litinin cikin watan Agusta, da misalin ƙarfe shida na safe, muka taru a ƙofar wani mai faci a Angwan Iya, nan cikin Keffi. Waɗanda suka halarta su ne ni, da abokina da kowa ke kira Ticha, da shugaban ƙungiyarmu ta mahaya keke wanda muke kira Ciyaman, da sauran 'yan ƙungiya da ba su cika goma ba, sai wasu baƙi biyar daga Abuja da ba mu taɓa gani ba sai ranar. Shirinmu shi ne mu ratsa ƙauyukan Kokona a kan keke, mu sauka Agwada, mu zagayo gida kafin mako ya cika.

Ticha ne ya kafa ƙungiyar. Malamin firamare ne, mutumin Eggon, tare muka yi sakandare. Shi coci yake zuwa, ni masallacin unguwarmu a Liman Abaji, amma babban saɓanin da ke tsakaninmu shi ne gangare: shi yana ƙaunarsa, ni ina tsoronsa. A gidan rediyo nake aiki a lokacin, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Mai labarai. Saboda shi muke tafiya a tsakiyar damina, don sai lokacin makarantu ke dogon hutu. Kekensa baƙi ne, irin na da, mai birkin ƙarfe da kariyar ɗora kaya a baya. A Agwada ya saye shi, garin da aka fara tura shi koyarwa yana saurayi. Nawa ma irinsa ne, sai dai ni gadonsa na yi.

Doka ɗaya ya kafa mana, ta ƙararrawa. A jere muke tafiya, kowa ya bar tazarar da na bayansa zai iya jin sa. Idan na gaba ya ga rami ko wani haɗari, ya kaɗa sau ɗaya, na bayansa ya kaɗa, a yi ta miƙawa har ƙarshen layi. Idan mota ta taho ta baya, a kaɗa sau biyu, saƙo ya tafi gaba. Idan kuwa aka ji ana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, kowa ya tsaya inda yake, wani ya sami matsala. Wanda ya ji, ya isar. Ticha ne ƙarshen layi kullum, kuma shi ke duba ko an cika a duk inda aka yada zango. Shi ya sa ake masa laƙabi da Makiyayi, makiyayin da ko akuya ba shi da ita. Mun yi shekaru a haka har kunne ya saba, ido ya fara lalaci. Idan ba ka ji ƙararrawa ba, to hanya lafiya lau take. Shiru ma saƙo ne a wurinmu.

A shekarun nan ne Abuja ta fara ambaliya zuwa wajenmu. Waɗanda haya ta koro daga Mararaba da Masaka suna ta gangarowa Keffi, gonakin bakin titi suna komawa filaye masu turakun siminti. Ciyaman na cikin masu sammakon zuwa ofis a Abuja, su dawo bayan isha'i. A can ya haɗu da wasu mahaya keke, ya ga kayansu, ya dawo yana yi mana wani irin kallo. Ana saura wata guda mu tashi ya kawo shawara a taro. Ya ce wani kamfani zai ba mu riguna, ya riƙa ɗaukar nauyin tafiye-tafiyenmu, amma fa tsofaffin kekuna ba sa kyau a hoto. Duk mai son ci gaba da zama ɗan ƙungiya ya nemi keken zamani mai giya.

Kowa ya san wanda ake nufi. Ticha ya miƙe, ya gyara tabarau kamar zai fara darasi.

"Ciyaman, keken ne ya tsufa ko mai keken?"

"Haba Ticha, wa ya isa ya ce ka tsufa? Maganar ci gaba ake yi."

"To, a bar tafiyar nan ta yi mana shari'a. Idan ni da baƙin dokina muka je Agwada muka dawo ba a ɗauke mu a mota ba, a binne maganar nan. Idan aka ɗauke mu, ni da kaina zan sa a rataye shi."

Ciyaman ya ce ya yarda, aka tafa. Ni ban tafa ba, don na san halin abokina. Idan ya rataye keken nan ba zai sayi wani ba, kuma ba zai sake leƙa taro ba.

Baƙin da Ciyaman ya gayyato sun zo da kekuna masu kaurin taya da giya barkatai, ga rashin nauyi, sai ka ɗaga da hannu ɗaya. Rigunansu sun ɗame jiki, wandunan iya gwiwa, har matan unguwa da suka fito shara suka riƙa kau da kai suna dariya. Babu ko ɗaya mai ƙararrawa. Ticha ya riga ya ji labari, don haka ya zo da leda cike da ƙararrawa da ya sayo a kasuwa. Ya miƙa ɗaya ga babbansu, wani dogo mai jar riga da suke kira Injiniya, mutum mai fara'a, Hausarsa tas.

"Baba, wannan kuma fa? Burodi za mu sayar?"

"Magana za ku yi da ita, ɗana. Keken da ba ƙararrawa ai bebe ne."

A yi musu adalci, sun yarda a gwada. Mai faci ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙarfen hannun kekunansu ya fi bakin ƙararrawar kauri, ta ƙi kamawa. Ticha ya ce a ɗaure da robar tsohuwar taya. Injiniya ya ce don Allah kada a kankare masa fenti. Ciyaman ya dubi agogo.

"Ticha, rana tana yi. Ai suna da baki."

"Ƙwarai kuwa, Baba," in ji Injiniya. "Duk abin da muka gani za mu faɗa da ƙarfi. Ba matsala."

Ticha ya tattara ƙararrawar ya mayar cikin leda. Ya ɗaure ledar a kariyarsa, muka kama hanya. Duk ramin da ya shiga sai ta yi kacau a bayana.

Rayuwar hanya ba ta da yawa. Da asuba mu yi salla a barandar ajin da aka ba mu muka kwana, su Ticha su yi addu'arsu a ɗaya gefen, a haɗu a kan tukunyar shayi. A matsa tayoyi, a ba mai buƙata iska, a ɗaure kaya, a hau. Kafin hantsi cinyoyi sun fara ƙorafi, kafin azahar mazaunai sun daina magana da kai gaba ɗaya. Bayan Garaku muka rabu da kwalta, muka shiga jar laka. A nan kam kekunan baƙi sun nuna mana iyakarmu. Su sai su ratsa su wuce, mu kuwa laka ta cushe tsakanin taya da murfinta har feda ta ƙi juyawa, sai mun sauka mun nemi tsinke muna sakace ta. Ticha yana sakacewa yana waƙar coci, ba ya yarda mu haɗa ido.

Duk ƙauyen da muka shiga sai mun je gaida mai gari, kuma kusan ko'ina tambaya ɗaya ce ke tarbar mu: fili kuka zo dubawa? Wani tsoho ya ƙare mana kallo, ya ce, "Na Abuja da mota suke zuwa, ku kuma da keke. Talauci ne ko dabara?" Sai da Ticha ya ambaci makarantar da ya koyar da sunan wani tsohon hedimasta, sannan aka kawo tabarma. Abinci kuwa, abin da hanya ta ba mu: gasasshiyar masara, dafaffiyar gyaɗa, sabuwar doya da manja, kunu idan an dace. Wanka a rafi. Tufafi ba sa bushewa, a haka za ka mayar da su, har muka daina jin warin junanmu. Baƙin ma sun saki jiki. Injiniya ne ya raba mana wani mai da ake shafawa inda sirdi ya goge, kuma har yau ina gode masa a kan wannan.

Ba zan ɓoye ba, abokina yana da gajiyarwa. Kowane itace sai ya faɗi sunansa da harsuna uku. Ya gyara wa wannan zama a sirdi, ya gyara wa wancan Turanci. Da farko baƙin suna cika alkawari, sai ka ji an kwarma ihu da Turanci cewa ga rami nan, Ticha ya ce, "Ka ji, Mai labarai? Kamar ana korar biri a gona." Zuwa rana ta biyu ihun ya ragu. Mutum ba ya hawan tudu yana ihu. Wasunsu ma suka fara toshe kunnuwa da wayoyin jin kiɗa.

Abu ɗaya ne Makiyayi ke sassauta wa kansa doka a kai, shi ne gangare. Duk inda muka zo babban gangare ni sauka nake yi, in tura kekena a ƙasa kamar mai raka amarya. Shi kuwa sai ya kafa ƙafa ɗaya a kan tudu, ya karkata kai ya saurara. Idan bai ji ƙararrawa ba sai ya saki birki, ya wuce ni kamar kibiya, ya jira ni a ƙasa yana tsiya. "Ga mutumin da ke karanta labarin yaƙi ba ya ko tari, amma tudu ya gagare shi!" A duk tafiya, a nan kaɗai nake ganin fuskarsa kamar ta yaron da na sani a makaranta.

A rana ta uku baƙin suka yi gaba abinsu, suka ɗauki hannun da ba shi ba a wata mararraba. Rabin yini muka yi muna jiransu a gindin mangwaro, sai da wani mai babur ya jagoranto su. Ticha ya sami abin da yake nema.

"Ciyaman, ka ga ci gaba? Sun ci gaba har sun ɓace. Daga gobe a sa su a tsakiya, a tsare su gaba da baya."

Aka yi dariya, aka amince. Washegari, ranar da za mu shiga Agwada, layin ya zama haka: Ciyaman da tsofaffin 'yan ƙungiya a gaba tare da jagoran da ya san hanya, baƙi biyar a tsakiya, ni da Ticha a baya. Shi da bakinsa ya tsara hakan, kuma ba wanda ya lura da abin da ya tsara, har da ni. Motar Ciyaman da ke ɗauke da kaya da mai ɗaukar hoto ta bi wata hanya mai kyau tun da safe, don tsofaffin ɗaliban Ticha sun shirya mana tarba, ana so a ɗauki shigarmu gari. Ticha ya ƙi sa ko jakarsa a motar, kada a ce an rage masa nauyi. Ranar ya sa farar riga da ya adana a cikin leda tun daga gida.

An kwana ana ruwa. Da hantsi muka iso kan wani tudu, inda hanya ta gangara ta sha kwana a bayan wata ƙatuwar ɗorawa, ciyawa ta fi mutum tsawo hagu da dama. Injiniya ne na ƙarshe a baƙi, muna kallo jar rigarsa ta sha kwanar. Na sauka kamar kullum. Ticha ya kafa ƙafa, ya karkata kai. Ba abin da ake ji sai kurciya.

"Ga kanun labarai, Mai labarai: hanya lafiya. Sai ka iso."

Ya saki birki. Na ga farar rigar ta cika da iska, ta ɓace a bayan ɗorawar. Sai na ji ƙara guda mai nauyi, sannan ƙararrawa da yawa suka yi kuka a lokaci ɗaya, suka yi shiru.

A gindin gangaren akwai kwalbati, ruwan dare ya cinye fiye da rabinsa. Abin da ya rage ɗan siririn gefe ne ta hagu, kuma a nan sawun tayoyin mutanenmu duka suka bi, ɗaya bisa ɗaya. Ticha yana cikin ramin a kishingiɗe, ruwa na bi ta ƙarƙashinsa. Tayar gaba ta naɗe. Ƙafarsa ta dama ta juya waje, irin juyawar da ƙafa ba ta yi. Ledar ta fashe, ƙararrawa sun watsu cikin laka.

Abin da ya fara faɗa ba wayyo ba ne. Cewa ya yi, "Ba su kaɗa ba." Ya sake faɗa, kamar yana karanta amsar da ɗalibi ya rubuta ba daidai ba. Sannan ya ce, "Kaɗa ta tsayawa."

Daga inda nake ina hango tudun da ke gaba, da jar rigar Injiniya tana hawa a hankali. Tazarar ba ta fi wadda muka saba jin juna ba. Na kaɗa, na kaɗa, na haɗa da ihu. Bai waiwayo ba. Ya kai ƙarshen tudun, ya miƙe a kan feda, ya nutse ta ɗaya gefen.

Na ciro waya, babu sabis. A lokacin sabis bai cika wuce bakin kwalta ba. Na ce zan bi su a guje.

"Kai? Da waɗannan ƙafafun? Kafin ka kai na yi jika." Ya cije leɓe, gumi na zuba. "Ba a barin na baya, Mai labarai. Zauna. Da sun tsaya shan ruwa za su ga ba mu."

Ni dai na san duba ko an cika aikin Makiyayi ne, ga shi kuma a cikin rami. Na shiga na tallafi kansa daga ruwan, na cusa jakata a ƙarƙashin kafaɗarsa. Da na taɓa ƙafar ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ya yi ba, na ƙyale ta. Duk bayan ɗan lokaci sai ya ce in ci gaba da kaɗawa, za su ji. Na jawo kekena bakin ramin na yi ta kaɗawa, har babban yatsana ya yi bororo ya fashe. Rana ta take tsaka, ta fara karkata.

An ji, amma ba waɗanda muke kira ba. Wani manomi ne da matarsa suka fito daga cikin ciyawa da fartanya, daga gonar doya. Hausarsu ta cin kasuwa ce. Matar ta leƙa ramin ta dafe ƙirji.

"Wayyo Baba! Mu muna cewa mai burodi ne ya ƙi wucewa."

Ticha ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Mijin ya ruga ya kira mutane, suka ciro ƙyauren bukkar gona, aka zura shi a ƙarƙashinsa, aka fito da shi zuwa gindin ɗorawa. Suka ce akwai maɗori a ƙauyensu. Na dubi inda karayar take, can sama wajen ƙugu, na ce asibiti za mu. Suka ce to sai dai a jira motar gawayi, takan wuce bayan la'asar idan hanya ta bari. Matar ta tsince ƙararrawa biyu daga laka, ta wanke su a ruwan kwalbati, ta ajiye a gefen kansa. Hadari ya sake haɗuwa, aka fara yayyafi, muka riƙe masa zanenta a sama.

Da akori-kurar ta iso, direban ya sauke buhuna ya yi masa wuri ba tare da ya tambayi komai ba. Ana shirin ɗaga ƙyauren Ticha ya riƙe min hannu.

"Mai labarai, idan na hau motar nan, shi ke nan fa."

"Ticha, ƙashinka ne ya karye."

"Na sani. Amma ka shaida, ba gajiya na yi ba."

"Na shaida."

"A ɗora dokina ma. Ba za a bar shi a baya ba."

Aka ɗora shi a kan gawayi, keken a gefensa, nawa a sama. Haka muka koma Keffi, kowane rami yana fita ta bakinsa. Farar rigar ta koma ja da baƙi.

Abin da ya faru a Agwada daga baya na ji shi, daga bakin mutum uku, kuma bai saɓa ba. An tarbe su da ganga tun daga bakin gari, mai hoto ya ɗauki shigarsu yadda ake so. Hedimastan makarantar, wanda tsohon ɗalibin Ticha ne, ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ina Malam?" Ciyaman ya ce, "Suna tafe, ka san tsofaffin kekuna." Aka ci sakwara, aka yi jawabai. Hedimasta ya hana a taɓa kwanon da aka ware wa Malam. Sai da rana ta yi sanyi, hedimastan ya matsa, aka tura mota ta bi sawu. A bakin kwalbati suka sami manomin, ya nuna musu hanyar Keffi.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. An yi masa aiki, ya daɗe a kwance, ƙafar ta warke ta fi 'yar'uwarta gajarta. Likita bai ce jinkirin ne ya jawo ba, ni ma ban ce ba. Ƙungiya ta yi karo-karo, ba zan hana su wannan ba. Ciyaman ya zo dubiya da lemo da ayaba. Matar Ticha, wadda duk muke kira Madam, ta karɓa da hannu biyu, ta ba shi kujera.

"Sannu da zuwa, Ciyaman. Ya hanya? Sakwarar ta yi laushi dai ko?"

Ya sunkuyar da kai, bai daɗe ba. Injiniya shi kaɗai ya zo, tun daga Abuja, ya durƙusa a gefen gado.

"Wallahi Baba na yi ihu. Da na ga ramin na yi ihu."

"Na yarda, ɗana. Iska ce ta cinye."

Jagora ma ya rantse ya kaɗa sau ɗaya, na bayansa suka kaɗa har kan na ƙarshe a cikin tsofaffin 'yan ƙungiya. Na yarda da shi, na kuma yarda da Injiniya. Saƙon ya taso daga gaba lafiya, ya iso tsakiya, ya mutu a can.

Bayan wata biyu aka kira taro a falon Ciyaman. Na nemi izini na ba da rahoto yadda aka koya min a wurin aiki: abin da ya faru, a ina, me ya biyo bayan me, ba ƙari ba ragi. Na ce a wajabta ƙararrawa a kan kowane keke, ko da roba za a ɗaure ta. An saurare ni, ana gyaɗa kai. Da na zauna Ciyaman ya yi gyaran murya.

"Mun ji Mai labarai, mun gode. Tambaya ɗaya gare ni. Mu duka mun wuce wurin nan lafiya. Wane keke ne ya faɗa?"

Wani ya ce birkin ƙarfe ba ya kamawa idan ya jiƙe. Gaskiya ne. Wani ya ce Ticha gudu yake yi a gangare, kowa ya sani. Wannan ma gaskiya ne. Na ce ya yi gudun ne don bai ji ƙararrawa ba. Aka ce ai mutum da idonsa yake tuƙi, ba da kunne ba. A ƙarshe aka yanke cewa saboda lafiyar 'yan ƙungiya, an hana tsofaffin kekuna, an kuma wajabta hular kwano. Maganar ƙararrawa aka ce a bar wa kowa ra'ayinsa. Sannan aka naɗa Ticha uban ƙungiya, aka tafa.

Ni aka wakilta in kai masa albishir. Na same shi a tsakar gida yana koyon tafiya da sanduna biyu. Ya saurare ni har na gama.

"Ka ba da shaidar?"

"Na bayar."

"To madalla. Alkawari dai alkawari ne. An ɗauke ni a mota."

"Motar gawayi ce, Ticha."

"Tana da taya huɗu? To mota ce." Ya ɗaga murya. "Madam! A nemo ƙusa babba, a rataye dokin nan."

A ɗakin watsa shirye-shirye an koya mana cewa babu laifin da ya kai barin iska shiru. Kuskure idan ka yi za ka iya gyarawa a labarai na gaba, amma shiru kowa fassara shi yake yi yadda ya saba. Abokina ya saba da cewa shiru lafiya ne, don shekara da shekaru duk wanda ke gabansa yana isar da abin da ya ji. Da baƙo ne shi a hanyar, da ya taka birki ya duba da idonsa. Yarda da mutanensa ce ta jefa shi ramin, kuma shi ya koya mana yardar.

Abin da ke ci min rai har yau shi ne ban sami wanda zan yi fushi da shi yadda ya kamata ba. Ba mugu a cikinsu. Kowa ya faɗi gaskiya a taron nan, kuma da gaskiyar aka fitar da Ticha. Wani lokaci da safiyar Asabar nakan gan su a titin Abuja, sun fi da yawa, riguna iri ɗaya, kawuna a sunkuye. Suna wucewa ba ka jin komai sai shuuu na taya. Ni ban sayi keken zamani ba, ban kuma koma taro ba.

Bayan shekara biyu ƙungiyar ta koma tashi daga Abuja, da sabon suna na Turanci. Ticha ya yi ritaya yana dogara sanda, bai sake zuwa Agwada ba. Keken yana nan rataye a barandar gidansa a Angwan Iya, tayar gaba a naɗe, ya hana a gyara. Ƙararrawarsa kuwa tun lokacin jinya Madam ta kwance ta, ta ɗaura a ƙarfen gadonsa don ya riƙa kiranta daga kicin. Har yanzu tana wurin.